Rufin da Na Ɗaga wa Baba

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu ƙarfen da zai gagare ni tsakanin Kura da Bunkure, wani rufi ya koya mini hankali.

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa ce, kuma a lokacin maganina ɗaya ne: tsohon tib ɗin taya. In yanko roba, in naɗe, in ɗaure, sai ka ga ruwa ya taso. Manoma suna ta yabo, ni kuma kaina yana ta kumbura, har nakan ce ko madatsar ruwa ce ta tsage, a ba ni tib da almakashi kawai.

Mahaifina malami ne, kuma manomi. Da safe karatu, da hantsi gona. Mutum ne mai faɗa, ko kunya ɗaya ce ta karkace a gonarsa ta shinkafa da ke wajen Kadawa, sai ka ji a jikinka. Sai shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Ya samu sauƙi, magana ta dawo, amma shekara biyu bai ga gonar ba. Likita ya ce kada rana ta buge shi, kada kuma ya daɗe a zaune ba wurin kishingiɗa. Wanda ya san filin noman rani ya san babu bishiya, inuwarka ita ce hularka.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne zakka. Tun tasowata shi yake fitar da ita da hannunsa a bakin gona, kafin buhu ɗaya ya shiga gida. Da ya kwanta ni nake fitarwa, in dawo in yi masa bayani, ya ce, “Allah ya yi albarka,” ya juya fuska bango. Faɗan ma ya daina. Wallahi shirun nan ya fi faɗan ciwo.

Ana haka sai abokina, dillalin motocin da ake shigowa da su daga waje, ya samu wata a-kori-kura da ta zo da ɗan ɗaki a bayanta. Wanda ya sayi motar ya ce ba ya son ɗakin, aka sauke shi a ƙofar gidanmu, kaji suka mayar da ƙarƙashinsa wurin ƙwai. Ɗakin yana da gado da ƙofa ta baya, amma rufinsa a kwance yake, in ka shiga sai da rarrafe. Akwai famfon hannu a gefe. In ka buga, mai yana bin siraran bututu zuwa jak huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, su ɗaga rufin sama, tamfol mai tagogin raga ya miƙe a zagaye. Sai ga ɗaki sosai, mai inuwa da iska.

Ranar da na fara gwadawa rufin ya tashi a karkace, ya yi kamar minti biyar, ya sulale ya koma. Mai yana tsiyaya daga wuyan kowane jak. Amma na ga abin da nake son gani. Na shiga wajen Baba na ce, “Bana in Allah ya yarda da kai za a yi yankan shinkafa.” Da yamma na ji yana tambayar mahaifiyata ina aka ajiye tsohuwar tiyarsa ta awo.

Mahaifiyata ba ta kama sunana, ni ne ɗan fari. Ta fito ta zagaya ɗakin sau biyu ta ce, “Kai wannan, a cikin akwatin nan za ka sa mini Malam? In murfin ya faɗo masa fa?”

Na ce, “Inna, roba ce kawai ta mutu. Aikina ne.”

Na kwance jak ɗin. A cikin kowanne akwai sil, wato zoben robar da ke tare mai kada ya tsere, duk sun bushe sun tsattsage. Na ɗauko tib da almakashi na yanka zobba masu kyau, har ina ɗaga su ina kallo. Na mayar, na zuba mai, na buga famfo. Rufi ya tashi ya tsaya cak. Ranar ko gaisuwar mutane da ƙyar nake amsawa.

Kwana biyu bayan nan, saura kwana biyar masu yanka su shiga gona, na ce bari in nuna wa Inna babu abin tsoro. Bayan azahar na ɗaga rufi, na hau gadon na miƙe, iska tana kaɗawa, barci ya sace ni. Abin da ya tashe ni zafi ne da ɗigar wani abu a goshina. Ina buɗe ido na ga rufi a kan hancina. Na fito da rarrafe ta baya, rigata sharkaf da mai, hula ta maƙale a ciki. Ina ɗagowa sai ga Inna a tsaye da faranti a hannu.

Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, “Sannu da aiki.” Ta shige gida.

Da ta tsaya a nan da sauƙi. Labari ya kai wa Baba, ya sa aka kira ni. Ya ce, “Ka bar shi haka nan, ka yi ƙoƙari. Ba sai na je ba.” Na ga tiyar a gefen shimfiɗarsa, an wanke ta an kife. Na tashi na fito.

Ɗage yanka ba zai yiwu ba. Bazara ce, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, shinkafa ta nuna har ta fara zuba. Washegari na zuba jak huɗu da famfon a buhu, na haɗiye girman kaina, na nufi garejin wani dattijo mai gyaran tarakta a Kura, mutumin da na sha cewa aikinsa ya cika nawa.

Ya zaro abin da na sa. Zobbana masu kyau sun kumbura sun yi laushi kamar ƙullun ɗanwake. Ya murza ɗaya a yatsa ya narke. Ya ce, “Ɗan Malam, wane maƙiyin naka ne ya yi maka wannan?”

Na ce, “Wani ne.”

Ya ce, “To ka gaida wanin. Ka ce masa robar tib ta ruwa ce. Ruwa ba ya cin ta, shi ya sa take yi muku aiki a injin ban-ruwa. Mai kuwa abincinsa ce.” Ya buɗe famfon ya nuna mini ɓarɓashin baƙar roba da ya toshe ko'ina. Wato ban tsaya a kasa gyara ba, har ƙarin ciwo na yi.

Na gaya masa dalilin saurina. Da ya ji don Baba ne sai ya ajiye aikin da ke hannunsa, ashe ƙannensa biyu a wajen Baba suka yi karatu. Ya ɗauko ma'auninsa na ƙarfe ya auna sandar jak, ya auna gurbin sil, faɗi da zurfi, ya rubuta a bayan kwali. Ya ce in tafi Kano wajen masu kayan tarakta, kada in karɓi “kusan daidai”. Shago shida na shiga, kowa yana cewa, “Wannan ma zai shiga, Alhaji.” Da ni ne na da, da na karɓa tun a shagon farko. A na bakwai na samu daidai.

Da na dawo dattijon bai taɓa ko sifana ba, ya zauna a benci ya ce ni zan yi. Na wanke komai da kananzir, na busa bututun ɗaya bayan ɗaya har baƙin ya daina fita. Ya sa na bi sandunan da farce, inda na ji kaushin tsatsa na goge da lallausar sanfefa, don kada ya yanki sabon sil. Na jiƙa zobban a mai kafin in sa. Da na ɗauko sukuddireba zan tura na farko, sai ya buge mini hannu ya miƙo mini tsinken itace. A na uku ya yi gyaran murya ya ce, “Duba bakinsa.” Sil ɗin yana da leɓe, kuma leɓen mai yake fuskanta, yadda in mai ya matso zai buɗe ya ƙara kamawa. Ni kuwa na juya shi baya. Aikin da na yi cikin awa ɗaya da tib, sai da ya cinye mana yini biyu.

A ƙarshe ya yanko ƙarafa huɗu ya ce, “In ka ɗaga ka tokare da waɗannan. Sil sabo ne, amma uba ɗaya gare ka.”

Ana gobe yanka na haɗa komai a gida, na fitar da iskar da ke cikin bututun, na buga famfo. Rufin ya tashi a daidaice, kusurwa huɗu tare. Inna ta koma madafa ta ɗauko gawayi, ta ja layi a jikin ƙarfen kusurwa daidai inda rufin ya tsaya. Ta ce kada in sa ƙarafan tokarewa. “Daga yanzu zuwa la'asar, in ya sauka ko da faɗin tsinke ne, Malam ba ya zuwa.” Ban taɓa ganin yini mai tsawo irin wannan ba. Na leƙa layin nan ya fi sau ashirin. Da aka idar da la'asar ta fito ta sa yatsa a wurin, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, “A sa masa matashi biyu.”

Da sassafe muka ɗora ɗakin a motar abokina. Baba ya zauna a gaba, muka bi gefen kwatar ruwa a hankali har bakin gona. Na ɗaga rufi, na tokare, muka kama shi muka shigar. Ya kishingiɗa ya sa fuska a raga. Shinkafa ta yi jawur har iyakar gani, masu yanka suna ɗago lauje suna gaishe shi. Ni kuma ina tsaye a ƙasa ina jiran a sa mini albarka.

Sai na ji muryarsa, irin ta da: “Kai! Waccan kusurwar ta arewa wa ya bar ta da ƙishirwa? Ka ga yadda ta yi gajarta? Shekara biyu kana zuwa kana ce mini komai lafiya!”

Abokina ya juya baya yana dariya. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, ina cewa, “A yi haƙuri, Baba,” raina fari ƙal. Kwana uku muna kai shi. Ranar da aka gama sussuka aka kawo buhu bakin ƙofar ɗakin, ya sa hannunsa mai lafiya ya cika tiyar farko ta zakka da kansa.

Har yau ina gyaran injin ban-ruwa, kuma har yau ina yanka tib, amma na san inda ya tsaya. In abu ya fi ƙarfina nakan ce ban sani ba, na kuma gane ba a mutuwa don an faɗi haka. Baba yanzu yana takawa da sanda daga mota zuwa bakin kunya, in rana ta yi zafi ya koma ɗakinsa. Layin gawayin yana nan, Inna tana sabunta shi duk shekara. Bara ma sai da ya yi mini faɗa a gaban masu yanka, na tsaya na saurara har ya gama.