Ba Kowa a Rumfar Alhaji Sale

Da can, kowace kaka nakan cika mota da ɗaliban digiri na biyu mu tafi kasuwar hatsi ta Ƙarfi, su zauna wurin dillalai su ga yadda farashi ke fitowa daga bakin mutane. Bana da na ambaci tafiyar, Hadiza, mai nazarin cinikin masara ta waya, ta ce, "Malam, ai farashin duk yana cikin kwamfuta."

Na ce bari in je Ƙarfi in roƙi Alhaji Sale, tsohon dillalin da ya saba saukar mu, ya karɓe su ko sau ɗaya. In bai yarda ba, tafiyar ta mutu.

Zariya zuwa Funtuwa

Na fita bayan sallar asuba. Motar hayar da na shiga cike take, amma kowa ya duƙufa kan wayarsa. Na gai da wani Bafulatani da Fillanci, ya amsa a taƙaice ya koma kallon hoton shanun da ake yi masa talla. Na sha shiga motocin haya a Sudan da Gana, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. A tashar Funtuwa na sha koko da ƙosai ni kaɗai.

Malumfashi zuwa Ƙarfi

Daga Funtuwa wata motar ta kai ni Malumfashi, daga nan na hau babur.

"Baba, hatsi za ka saya?" in ji ɗan acaɓar. "Da ka kira, sai a kai maka har gida."

"Mutum zan gani."

"To, shi kam sai an je."

Na tarar da Alhaji Sale kan tabarma, mudunsa a kife, babu buhu ko ɗaya.

"Malam, ina yaran?"

"Su na zo roƙar wa masauki, Alhaji."

"Su zo su ga me? Manomi na tsaye a gona ake saye masararsa ta waya. Da, ni ke kama hannun mai saye in ɗora kan na mai kaya, wannan ya ce albarka, wancan ya ƙara, har a sallama. Yau hannun wa zan kama?"

Muka sha fura, muka yi azahar tare. Har na tashi ba wanda ya yi sallama a rumfar. Da ya rako ni bakin titi ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Kada ka wahalar da su," ya ce. "Kai dai ka riƙa zuwa."

Na iso gida bayan magariba lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Alhaji. Washegari na cire tafiyar kasuwa daga darasin. Daga bana ɗalibaina a kwamfuta za su koyi farashin masara, Ƙarfi kuwa ni kaɗai zan riƙa zuwa.