Sista Monika da Idon Tambari

Kafin a buɗe ɗakin duba ido, Sista Monika Gideon ta riga ta sauka daga keke napep ɗin da ke ɗauko ta daga Arkilla. Ba ta da doguwar gaisuwa. Takan bi layin masu jira tana miƙa hannu, kowa ya fito da abin da yake ɗigawa a gida. Wanda ya ce babu, ta ce ya sake laluba aljihu. Shekara da shekaru haka take yi, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ana cewa tana da zafi. Tana da shi kam. Mai son sanin amfanin zafin nan ya je Ƙofar Rini ya nemi Tambari mai awon gero.

Tambari ido ɗaya gare shi, ƙyanda ta cinye na hagu tun yana yaro. Wata rana da kaka ana juye buhu, ƙaiƙayi ya faɗa masa a na dama. Ya murza, ido ya yi ja. Wani mai kemis ya ba shi 'yar kwalba, ya ɗiga, kafin la'asar ja ya tafi, raɗaɗi ya kwanta. Ya riƙe kwalba kamar laya. Sai da ya fara ganin mudu dishi-dishi sannan matarsa Hasana ta ja shi asibiti.

Sista ta karanta kwalbar, ta ajiye ta can gefe, ta yi masa bayani a tsaye. Ta ce ido yana da masu gadinsa a cikin hawaye da jini, kuma jan da yake gani faɗa ne suke yi. Maganin nan mai sitiroyid barci yake sa masu gadin, ita kuwa fumfunar da ƙaiƙayi ya shigo da ita tana nan tana ci. Ta ce ba guba ba ne, likita kan rubuta shi don wani ciwon, amma ba don idon da aka soke ba. Likita ya duba, ya ga gyambo a kan baƙin idon, ya rubuta wani magani daban. Sista ta gargaɗe shi cewa jan zai dawo, zafin ma zai dawo, ya daure.

Bai daure ba. Ya aika a ɓoye aka sayo masa wata kwalbar. Ranar komawa asibiti ya shigo da murmushi, ido fari tas.

"Sista, kin gani? Dut ya washe. Allah shi biya ki."

"Malam Tambari, gyambo ba ya barin ido fari da wuri haka. Ina kwalba ta biyun?"

Ya ce shi ba yaro ba ne da za a caje shi gaban mata. Ta ce ita ba ta caje kowa. Ta tsayar da Hasana da wata mata a bakin ƙofa, ta ce ya nuna wadda ya aura. Tambari ya duba, ya sake dubawa, ya kasa gane matarsa. Can ya cire hula, ya zaro kwalbar daga ninkinta.

A ranar aka ba shi gado. Ido ya koma ja jawur, Tambari ya zagi Sista da safe, ya zage ta da yamma. Ita dai ta ɗiga magani ta wuce. Ranar Lahadi ma daga coci ta zarce wurinsa, ba aikinta ba ne kuma ba wanda ya aike ta.

Idon ya tsira da 'yar hakiya a gefe. Tambari yana kasuwa, yana tsince tsakuwa a cikin gero da kansa. Idan aka ambace ta, abin da yake cewa shi ne, "Matar ga ba ta da daɗin baki, amma da idona nika ganin ku."

Sista, ke ce kika yarda a tsane ki yau don mutum ya ga hanyar gidansa gobe. Ke ce mai hana abin da ke da daɗi. Ba mu taɓa gode miki a layi ba, to mun gode yanzu. Allah ya ba ki hutu mai albarka.

Masu kemis kuma, da duk wanda zai gaji kujerarta, ku koyi abu ɗaya daga gare ta. Idan mai jan ido ya nemi ɗigon da ke sa fari ba tare da likita ya duba ba, ku ce a'a, ko da zai zage ku.