Jan Zare da Baƙin Zare

Kwalayen magani biyu wani dattijo ya ciro daga aljihu, kowanne da zare ɗaure a jikinsa: ɗaya ja, ɗaya baƙi. Ina zaune kan bencin kantin magani ina jiran layi, ina kallonsa. Tela ne, ina zato, don ga allura soke a gefen hularsa.

"Na mai ɗakina ne," yake gaya wa mai magani. "Jan na asibiti ne, baƙin 'yarmu ta aiko. Mai ɗakin nawa ba ta karatu, shi ya sa zaren. Ban taɓa bari ta tsallake ko ɗaya ba."

Mai magani ta juya kwalayen, ta ɗora farce ƙarƙashin manyan sunayen.

"Baba, dubi ƙaramin rubutun nan. Metformin, metformin. Maganin suga ɗaya ne, kowane kamfani ya ɗinka masa tasa rigar. Duka biyun take sha?"

"Sati uku. Ni kuma ina ta yi mata faɗa ba ta cin abinci. Kullum ciwon ciki, kullum tashin zuciya."

"A tsaya a ɗaya, ku koma wurin likita yau."

Yana warware baƙin zaren a hankali, amma ƙullin ya ƙi. Da gani, hannun da ya ƙulla shi ba ya aikin wasa. Sai idonsa ya kai kan agogon bango.

"Na ajiye mata na rana a faranti, ƙwaya biyu," in ji shi.

Ya fice da saurin da ya fi ƙarfin gwiwoyinsa. Kwalayen na nan kan teburin mai magani, baƙin zaren na lilo, rabi a kwance.