Farin Layin da ke Tekun Mai Teku

Mai Teku bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ya taɓa tsayawa a bakinsa shi ne kududdufin bayan tasha, shi ma sai damina ta yi nisa yake cika. Amma shekara talatin da ɗoriya teku yake zanawa, har sunan ya bi shi ya danne nasa na asali.

Sana'arsa zanen labulen hoto ce, wato babban ƙyallen nan da ake ratayawa a bangon shagon ɗaukar hoto, mutum ya tsaya a gabansa a ɗauke shi, ya fito kamar yana wata ƙasa. Ya koya ne a wurin wani tsoho mai rubuta allunan shaguna. Tsohon ya nuna masa yadda ake ja wa ƙaramin hoto layuka gida-gida da fensir, a ja irinsu manya da alli a kan yadi, sannan a kwashe abin da ke kowane gida a zuba shi a babban. Abu ɗaya ya yi ta nanata masa: kada ya ƙara, kada ya rage, abin da ido ya gani a takarda shi hannu zai sa. Ranar da zai sallame shi ya ba shi wani shafin kalanda da aka liƙa a kan kwali, mai hoton teku da jirgin ruwa da tsuntsaye uku da yashi a ƙasa. Da wannan kwalin ya ci, da shi ya yi aure, da shi ya reni 'yarsa ɗaya.

Yanzu shi kaɗai ne a ɗaki ɗaya, can ƙarshen barandar wani gidan haya mai hawa biyu. Matarsa ta rasu shekara goma sha ɗaya ke nan. 'Yar tana aure a nesa, takan bugo masa waya ƙarshen mako ta tambaye shi ƙafarsa da idonsa, ya ce da sauƙi, ta ce ya daina ɗaga gwangwanin fenti mai nauyi, ya ce to. A ɗakin akwai gado, da kujera ɗaya, da risho, da gwangwanaye a jere a gindin bango, kowanne da ɗigon launinsa a murfi. Warin kananzir ɗin wanke buroshi ya kama komai, har burodin da yake ajiyewa. Da safe, in 'yan haya sun watse wurin nema, sai ya kafa yadinsa a bangon tsakar gida ya yi aiki ba mai ce masa sannu sai famfon da ke ɗiga.

Da yamma kuma yakan tafi shagon Mai Hoto ya zauna a kan benci. Mai Hoto sa'ansa ne, mutum mai tumbi da baki, wanda tun suna samari yake kiransa Kaftin don tsokana. Nan yake zama yana kallon amare da ɗalibai da masu sabon ɗinki suna tsayawa a gaban tekunsa, suna gyara wuya, suna dafa iska kamar sun dafa jirgin. Rabin gidajen garin akwai tekunsa a bangon falo, amma ba wanda ya taɓa waiwayowa ya dubi tsohon da ke kan benci. Shi ma bai ga abin dubawa ba. In an tambaye shi aikinsa, mai fenti kawai yake cewa.

Wata yamma wani mutum ya shigo a yi masa ƙaramin hoton takardun fansho. Dattijo ne mai furfura, ya ce shekara ashirin ya yi yana dafa wa ma'aikata abinci a jirgin ruwa. Kafin a gyara fitila ya tsaya yana kallon labulen, hannu a baya. Ya yaba jirgin, ya ce wanda ya zana ya iya. Sannan ya sa yatsa a kan wani farin layi siriri da ya ratsa ruwan daga wannan gefe zuwa wancan, miƙe sak.

"Wannan fa mene ne? Igiyar shanya ce aka ɗaura wa kifaye?"

Mai Hoto ya ƙyalƙyale da dariya, ya nuna benci ya ce ga Kaftin nan, mai tekun da kansa, a tambaye shi. Mai Teku ya gyara zama ya ce ai nan ne inda ruwa mai zurfi yake farawa. Haka ya ɗauka tun yana yaro, ba wanda ya faɗa masa, ba kuma wanda ya taɓa musa masa.

Mutumin ya dube shi, ba da raini ba. "Malam, na kwana a kansa na tashi a kansa shekara ashirin. Teku ba shi da layi."

Mai Teku bai jira an rufe shago ba ya tashi. Da ya isa ɗaki ya ɗauko kwalin ya fita da shi bakin ƙofa inda akwai sauran haske, ya sa tabarau, ya bi layin da farce. Sai ya ji ɗan kwari. Ya sa wuƙa a hankali ya ɓanɓare gefen takardar daga kwalin, ya leƙa bayanta. Layin yana nan a bayan ma, ya ratsa ta kan lambobin wata. Ashe sawun ninki ne. Wani ne can, kafin a ba shi ita, ya ninke takardar biyu ya sa a aljihu, launin ya goge a wurin. Shi kuwa ya yi shekara talatin yana haɗa farin fenti na musamman, yana riƙe numfashi don kada hannunsa ya karkace, yana zana aljihun wani mutum a tsakiyar teku.

Ya daɗe zaune da kwalin a cinya. Da akwai wanda zai gaya wa, wataƙila da sun yi dariya tare abin ya wuce.

Kwana tara bai je shago ba. A na goma Mai Hoto ya hawo baranda yana haki, ya zauna a kujerar ɗaya tilo, ya ce ya zo ganin ko jirgin Kaftin ya nutse ne. Da wasa ya ƙare sai ya faɗi abin da ya kawo shi. Labulen shago ya tsufa, ya fara yagewa ta ƙasa. Akwai kuma masu injin buga hoto a kan leda da suka buɗe a bakin titi, kowane irin teku kake so cikin yini ɗaya za su fitar maka, har da dusar ƙanƙara in ka ga dama. Ya ce shi dai ba zai tsallake abokinsa ba, zai ba shi yadi ya yi sabo guda ɗaya. In mutane sun karɓa, shi ke nan, a ci gaba. In ba su karɓa ba, kada ya ga laifinsa.

"Ka yi tekunka kamar kullum, ka cire igiyar shanyar kawai. Wa ya sani?"

Mai Teku ya gwada. Ya kafa yadin, ya shafa masa farin ƙasa, ya ja gidajen alli, ya fara daga sama. Da ya zo kan tsuntsaye uku sai hannunsa ya tsaya. Ina ya san tsuntsaye ne? Ƙila kashin ƙuda ne. Duhun da ke gindin jirgin, inuwa ce ko maiƙon hannun wani? Duk gidan da ya duba sai ya ga ba shi da abin da zai ce in an tambaye shi. Ya sa tsumma ya goge allin, ya bar yadin fari fat a bango har kwana huɗu. 'Yarsa ta bugo, ya ce mata aiki na tafiya.

Safiya ta biyar yana zaune a bakin ƙofa da kofin shayi, bai yi niyyar komai ba. Rana ta ɗago ta kan rufin kwano ta sauka rabin tsakar gidan. Ga famfo da gansakuka a gindinsa, ga bokitai biyar a layi masu su sun bar su suna jiran ruwa, ga farar rigar aikin nas ɗin da ke ɗakin ƙasa tana ɗiga a igiya, ga matakalar da ta ukunta ta gutsure tun shekarar da aka haifi 'yarsa. Shekara talatin yana juya wa wannan wuri baya yana fuskantar yadi. Ya lura ya san kowane abu a nan, ya san dalilinsa, ya san wanda ya fasa shi.

To amma tsakar gida ba takarda ba ce da za a ja mata layi. Sai ya samo zare, ya buga ƙananan ƙusoshi a katakon ƙofarsa, ya ɗaɗɗaura shi tsaye da kwance har ƙofar ta zama gida-gida, ya zauna a ciki yana leƙen waje ta tsakanin zaren. Kwana biyu ya yi haka. In ya ɗan motsa kai sai komai ya sauya gida, in ya tashi shiga bayi sai ya sunkuya ta ƙasa kamar ɓarawo. A rana ta uku ya sa almakashi ya yanke zaren duka. Ya tsaya gaban yadin da buroshi, ba alli, ba kwali, ya tsoma shi a fenti ya fara.

Mako shida ya ɗauka. Launin jiƙaƙƙen siminti kaɗai ya ci masa kwana tara, don ya ɗauka toka-toka ne, ashe akwai shuɗin sama a ciki, akwai ja-ja na tsatsar famfo, kuma yana sauyawa kafin ka gama haɗawa. Ya koyi cewa hasken da yake so ba ya wuce rabin awa, daga ƙarfe goma saura, saboda haka sauran yinin jira ne da kallo. Bai taɓa yin aikin da ya gajiyar da shi haka ba. Ya kuma lura ya daina jin tsawon yini.

Wata rana nas ɗin ta dawo da wuri ta same shi a kai. Ta tsaya da jakarta a kafaɗa, ta matso, ta ce, "Baba, wannan ba bokitina ba ne? Har wayar da na ɗaure hannunsa da ita ka sa? Ka tona mini asiri." Ta yi dariya, ta ce da ya faɗa mata da ta sayo sabo. Ya ce sabo ba shi da abin zanawa. Ta ɗan ƙara tsayawa tana kallo, sannan ta shige ɗaki ta kwanta, don aikin kwana ta yi. Ita ce kaɗai ta ga zanen kafin ya bushe.

Ranar da ya kai shi shago, Mai Hoto ya taya shi warwarewa, suka rataya, ya ja da baya ya riƙe ƙugu. Sannan ya juyo ya ce:

"Kaftin, mutane suna zuwa nan ne don su huta da tsakar gida. Kai kuma ka naɗo ta ka biyo su da ita."

Duk da haka ya cika alkawari, ya bar shi a bango wata guda cur. Mai Teku ya koma bencinsa. Yawancin masu zuwa sukan dubi famfon da bokitan su tambaya ina tekun nan na da, sai Mai Hoto ya janyo tsohon labulen ya rufe sabon. Wata amarya ta ce ita ba ta yi kwalliyar awa uku don ta tsaya a layin ruwa ba. A watan gaba ɗaya mutum huɗu ne suka zaɓe shi. Ɗaya wani tela ne da zai aika wa ɗansa hoto, ya ce yaron ya girma a gida irin wannan, zai gane.

Da wata ya cika, Mai Hoto ya jira shago ya yi shiru, ya zauna kusa da shi a benci ya faɗa masa ya riga ya je wurin masu inji, jibi za su kawo teku. Ya yi ta kewaye-kewaye yana kawo dalilai, Mai Teku ya ce ya fahimta, ba komai. Ya san daga yau aikin labule ya ƙare masa, ya saurari zuciyarsa ya ji ko za ta yi irin nauyin da ta yi ranar kwali, ya ji ba ta yi ba.

Mai Hoto ya tashi ya je gaban zanen don ya sami abin yi da idonsa. Ya nuna wani duhu mai kusurwa da ya faɗo a kan bango bayan famfo, ya ce nan kam fenti ya zube masa, ko?

"Inuwar tankin sama ce. Ƙarfe goma saura kwata take kaiwa nan, goma da kwata ta bar wurin. Ka zo gobe ka gani."

Mai Teku ya faɗe shi a hankali, bai ɗaga murya ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Mai Hoto ya juyo ya dube shi, ya ce to, shi ba zai hau wannan matakalar don inuwa ba, ya yarda. Ya tambaye shi ko a naɗe masa zanen ya tafi da shi. Mai Teku ya ce ɗakinsa ba bangon da zai ɗauke shi, a bar shi nan bayan na ledar, ko wani telan zai zo.

A hanyar gida ya tsaya wurin mai yadi ya sa aka yanka masa ɗan ƙarami, wanda ba wanda ya yi odarsa. Barandar gidansu yake so ya gwada, da takalman da ake jerawa a ƙofofi. Hasken wurin na la'asar ne, ga shi yau ya riga ya wuce. Ya hau sama a hankali, ya jiƙa buroshinsa a kananzir, ya ɗora ruwan shayi a risho.