Man Shanun Dada a Eriyar Malam Mika'ilu

Duk wanda ya zauna a unguwar Takur ta Dutse ya san gidan Malam Mika'ilu, ko da bai san mai gidan ba, domin eriyar da ta tashi daga tsakar gidan ta fi dabinon maƙwabcinsa tsawo. Bafullatanin Miga ne da boko ya raba shi da sanda, ya ƙare a ma'aikatar gona. In ya taso aiki sai ya shige ɗaki ya kunna rediyonsa ta oba-oba, da lasisinsa da komai, yana gaisawa da mutanen ƙasashen da ko a taswira sai ya yi lalube. Shi da bakinsa yake cewa mahaifinsa ya kira shanu sun amsa, shi kuwa ya ƙare da kiran Turawa yana tambayarsu ko an yi ruwa a garinsu.

Eriyar ta bututun alminiyom ce, a zura ƙarami cikin babba a ɗaure. Wanda ya sayar masa a Kano ya ja masa kunne: a shafa wa kowace mahaɗa wani giris na musamman, in ba haka ba wata rana bututun za su manne kamar tare aka ƙera su. Malam Mika'ilu ya ce to, ya dawo Dutse bai saya ba.

Ranar da zai kafa ta, mahaifiyarsa Dada ta zo daga Miga da ƙwaryar man shanu. A wurinta babu abin da man shanu ba ya yi: kaushi, tari, igiya mai tauri, miyar da ta ƙi daɗi. Ta tarar da shi yana juya bututu yana tsaki.

"Wane mai kake nema, ga shi a ƙwarya?"

"Dada, wannan aikin kimiyya ne."

"Kimiyyar ta fi ƙarfin man shanu?"

Mutum da diflomarsa ya ja gefe ya ba ta wuri. Dada da hannunta ta shafe mahaɗan tas, tana yi tana bismilla. Ba a jima ba kiyashi suka yi layi har ƙololuwa, maganar rediyon kuma ta koma kamar ana suya. Ya san dalili sarai, amma kunyar Dada ta hana shi sauke eriyar ya wanke, daga baya kuma ƙyuya ta karɓi aikin. A haka ya saba da ƙarar.

Shekaru suka ja, Dada ta rasu, ritaya ta zo. Gidan na gwamnati ne, dole a koma Miga. Direban a-kori-kura ya dubi eriyar kwance a tsakar gida ya ce ko a rarraba ta, ko a bar ta nan. Hankalin Malam Mika'ilu ya tashi, don bai san me zai yi da yammacinsa a ƙauye ba in babu ita.

Ya murɗa, ya buga, ya zuba kananzir, ko motsi. Rana da ruwan damina sun daɗe da gama aikinsu. Matarsa Mu'minatu ta ce, "Malam, a kira mai walda mana." Mai walda ya ce a gasa mahaɗar ko za ta saki. Wuta na taɓa ƙarfen sai wani siririn hayaƙi ya fito, ƙamshin tsohon man shanu ya cika gidan, irin na ɗakin Dada sak. Malam Mika'ilu ya nemi buhun gero ya zauna. Kewar mahaifiyarsa ta kama shi, irin wadda ko ranar jana'izarta bai ji ba. Yana dariyar wautarsa, hawaye na zuba.

Mahaɗar dai ba ta saki ba. Mai walda ya ɗauko zarto yana kallonsa.

"Yanka," in ji Malam Mika'ilu, "amma ka tsallake inda Dada ta shafa."

Eriyar ba ta sake tashi ba. Yau a Miga rediyon tana cikin kwali, guntayen bututun suna jingine a ɗakinsa. In aka tambaye shi labarin Turawansa sai ya ce ai sun huta da surutunsa. Mu'minatu ce dai ke cewa wani lokaci takan tarar da shi tsugune a bakin murhu, ya kanga guntu ɗaya a wuta.