Ranar da na caje waliyyin matata

A duk shekarun da na yi ina gadi a Doha, ranar da har yau ba ta fita raina ita ce wadda aka zo sa ƙofa a gidan wata Madam, a rukunin gidajen da muke tsaro a Al Gharrafa. Cikin zafin shekarar 2021 ne, korona ba ta gama lafawa ba.

Ku masu gadin da kuka zo daga baya ba ku tarar da dokokin lokacin ba. Duk ma'aikacin da ya zo daga waje, sai ya nuna wayarsa an ga alamar lafiyarsa koriya ce, a auna zafin jikinsa, a caje jakarsa da shi kansa. Idan mai gida ya buƙata, mai gadi zai tsaya a kansa har ya gama aiki. In zai fita kuma a sake cajewa. Sufabaizanmu yana ofis yana kallon komai ta kyamara.

Madam ɗin ta gaji da iskar shamal, wato iskar arewa mai ƙura, wadda ke turo yashi ta ƙarƙashin ƙofar katakonta. Sai ta kira kamfani su sa mata wata ƙofar ta alminiyam da gilashi daga waje, ta tare iskar. Da hantsi motar kamfanin ta sauke mutum ɗaya da kayansa. Baƙi ne, siriri, da rigar aiki da hula da takunkumi, idanunsa kawai ake gani. Na ɗauka ɗan Kenya ne ko Uganda. Ya ɗan jima yana laluben waya, na ce masa yalla yalla, wato ya yi sauri, da Turanci da Larabcin da muke yi wa kowa. Na shafa aljihunsa, na zazzage jakarsa a kan tebur. Ya kalle ni sau ɗaya ya sunkuyar da kai.

Madam ta ce in tsaya a kansa. Daga bakin taga ta gargaɗe shi kada ya taka cikin gida, kada kuma ya taɓa famfon lambu. Ya auna firam, ya huda bango, ni ina tsaye a inuwa hannu a baya. Da azahar ta yi, ya ɗauko robar ruwansa ya koma gefen katanga zai yi alwala. Ya sauke takunkumin.

Baffa Lawal ne, wan mahaifin matata Hauwa. Shi ne waliyyinta, shi ya ba ni aurenta a Funtuwa. Da can yana da babban shagon ƙofofi da tagogi, da yara suna aiki a ƙarƙashinsa. Da ya bar gari, duk dangi an san kasuwanci ya tafi yi Dubai, kuma a haka ake faɗa da alfahari. Mutumin da ko haɗa ido ba na iya yi da shi, shi na gama shafa wa aljihu.

Ban san lokacin da na durƙusa ba, da kakina da rediyo a kafaɗa. Na gaishe shi. Ya amsa kamar a zauren gidansa muke, ya tambayi Hauwa da yara. Ashe tun a bakin get ya gane ni.

“Tashi, Nura,” ya ce. “Ana kallonka.”

Na tashi, amma na kasa komawa inuwa. Ƙofar tana da nauyi, yana ta fama ya ɗaga ta shi kaɗai ya daidaita a firam, sai na kama masa gefe ɗaya. Madam ta leƙo ta ce gadi aka turo ni, ba taya shi ba. Ta ƙara da cewa in lura da hannunsa, don irin waɗannan ba a yarda da su. Baffa yana jin Turanci sarai. Ya ci gaba da ɗaure kusoshinsa, ni kuwa na ce mata to, domin abin da aka koya mana mu ce ke nan. Wannan to ɗin ta fi komai yi mini ciwo.

Da ta koma ciki, ya gaya mini a taƙaice cewa shagon ya daɗe da rushewa, kuma bai iya zama a garin da aka san shi da ma'aikata ya koma neman aikin yini ba. A unguwar Bin Omran yake kwana, ɗaki ɗaya da wasu. Bai roƙe ni in rufa masa asiri ba, ban kuma yi alkawari ba. Ya gwada ƙofar, ta rufe ruf, Madam ta duba ba ta ga aibu ba.

Muka taho bakin get, na ɗauki jakar zan miƙa masa ya wuce. Rediyo ta yi ƙara, sufabaiza yana tambaya ko na manta da cajin fita. Na tsaya riƙe da jakar na rasa yadda zan yi. Baffa ya karɓe ta, ya buɗe da kansa a kan tebur, ya fito da kayan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗaga hannuwansa.

“Yi aikinka. Abincin 'yata ne.”

Na caje shi kaina a ƙasa.

Da yamma aka kira ni ofis kan durƙuson da riƙe ƙofa. Na ce dattijon garinmu ne, ban ƙara komai ba. Aka yi mini gargaɗi, aka mayar da ni get ɗin baya. Na neme shi a Bin Omran ranar hutuna, abokan ɗakinsa suka ce ya fita. Na sake komawa aka maimaita mini, sai na gane ba ya son in zo. Kafin a fara gasar kofin duniya kamfaninsu ya sallami ma'aikata da yawa, ya koma gida.

Da na je hutu, Hauwa ta matsa mu je gaishe shi. Yana zaune a tabarma cikin babbar riga, ana ta tambayarsa labarin Dubai. Na durƙusa daga nesa, ya sa mini albarka, ya ce a kawo mini ruwa. Har yau Hauwa ba ta sani ba, sunayen ma na sauya muku.

Doka dai doka ce, dole ku caje duk wanda aka ce ku caje. Amma ku fara da sallama, ku sassauta murya. Duk wanda ya tsaya a gabanku da rigar aiki, akwai gidan da ake durƙusa masa.