Jelin Rumman na Ƙarshe a Karantina

A Jidda ba girbi ne yake gaya mana kaka ta shigo ba, rumman Ɗa'ifa ne. Ranar da aka fara ganinsa jibge a bayan motoci a bakin kasuwa, ranar mahaifiyata take aikawa a sayo mata ƙafar sa guda huɗu a wurin mahauta, don ta yi wa jikokinta jeli. Ba ta yarda da garin jeli na kwali ba. Takan ce ba za ta ba jika abin da ba ta ga kofatonsa da idonta ba.

Aikin ba na mai tausayi ba ne. Sai an babbake ƙafar a wuta, an kankare baƙin da wuƙa, sannan a ɗora ta kan kututture a sassare da adda har ɓargo ya fallatsa a bango. A dafa ta wuni guda ana kwashe kumfa. A tace da farin ƙyalle, a bari ya huce, a yaye kitsen da ya taso, a sake tafasawa da farin ƙwai har romon ya yi garau, ƙarnin ya tafi. Rumman kuwa aikin yara ne: a raba shi biyu, a kifa a tafin hannu, a yi ta jibgar bayansa da ludayi har 'ya'yan su zubo. Kowane yaro yakan tashi da riga kamar wanda ya taya mahauci fiɗa. Sai a matse, a haɗa da romon da sukari da ruwan wardi, a juye a babban faranti, a sa a firij. Daga nan doka ɗaya ce: ba a buɗewa, ba a motsawa, sai ya kama. Umma tana da hanyar ganewa. Takan ƙwanƙwasa gefen farantin da zobenta. In saman ya yi igiya kamar ruwa, da saura. In ya girgiza gaba ɗaya kamar jiki guda, ya kama.

A shekarar da aka rushe unguwarmu Karantina, rumman da jan fenti kusan tare suka zo. An rubuta kalma ɗaya a bangonmu, ikhla, wato a tashi. Yayana, wanda yake aikin lodi a tashar jiragen ruwa, ya samo mana gida a unguwar Madain Fahd. Muka kwashe kaya, muka kai yara can tare da matarsa. Umma ta ce ita sai ta yi jelin bana a madafinta, inda uwarta ta koya mata. Muka ƙyale ta don muna ganin da sauran kwana. Romon ya ci mata lokaci fiye da yadda ta zata, ba ta juye a faranti ba sai da safiyar ranar da wa'adinmu ya cika. Da hantsi aka yanke wutar layinmu.

Ni da Yaya muka iso bayan azahar da ƙaramar motar kaya. Firij kaɗai ya rage a gidan, sai kututture da adda da muciya. A lokacin motar rusau mai dogon hannu tana cin gida na uku daga namu. Gidajen Karantina kuwa jingine suke da juna, bango ɗaya gida biyu. Duk dukan da ta yi sai ƙura ta zubo mana daga rufi.

Muka tarar da Umma zaune a ƙasa, bayanta manne da ƙofar firij, addar a kan cinyarta.

"Umma, yalla, tashi. Halas, lokaci ya ƙare," in ji Yaya.

"Sanyin da ke ciki zai ishe shi in ba a buɗe ba. Ku je ku dawo da la'asar."

"Da la'asar babu gidan nan!"

"To ka je ka gaya wa mai motar ya sha shayi."

Shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta cika kallon idonsa ba ma. A ranar ta kalle shi. Ya fita da gudu ya ɗaga wa direban motar rusau hannu, amma ƙura da ƙara suka hana a gan shi, mutumin kuma a saninsa babu kowa a layin. Ya dawo fuskarsa fari fat da siminti.

"Zan ɗauki firij ɗin da abin da ke cikinsa," ya ce.

"Ka karkata shi ya zube? Kwana biyu ina tsaye a kan wuta. Na gaya wa maigidana zai ci jeli yau." Maigidan nata ɗan Yaya ne, shekararsa shida.

"Maigidan naki jeli yake so ko kakarsa?"

Bai jira amsa ba. Ya sunkuya ya kama wuyan hannunta don ya karɓe addar. Ta riƙe. Ya murɗa. Na ji ƙarar da ta yi, siririya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba. Ban yi shawara da kaina ba. Muciya tana jingine a bango, na ɗauka na sauke masa a gadon baya, na ƙara a kafaɗa. Ya juyo da gwiwar hannu, ta same ni a baki. Na faɗi kan kututture. Da na tofar, rabin haƙorina na gaba yana cikin jinin.

"Ke mahaukaciya ce? Ceton ta nake yi!"

"Karya mata hannu za ka yi!"

Na tashi na shaƙe wuyan rigarsa, ya hankaɗa ni bango, na yakushe shi a kunci. Shekarata arba'in da ɗoriya a lokacin, shi ya kusa hamsin, rabonmu da dambe tun muna rigima a kan ƙashin ƙafar sa a wannan madafin. Addar ta faɗi tsakaninmu, na take ta da ƙafa. Umma tana cewa, "Ku bari, 'yan banza, kuna girgiza mini shi."

Sai motar ta daki gidan maƙwabcinmu.

Bangon da muka haɗa da su ya tsage daga sama har ƙasa, rana ta shigo ta tsagar. Yaya ya sake ni ya faɗa kan Umma ya rufe ta da jikinsa. Bulo biyu suka sauko daga saman bangon, ɗaya ya fashe a kan firij, ɗaya ya same shi a kafaɗar da na riga na daka. Na ji ƙashin ya amsa, irin amsawar da ƙafar sa take yi a ƙarƙashin adda. Bai yi ihu ba, iska kawai ya ja ta haƙora.

Jijjigar ta ture su gefe, ƙofar firij ta buɗe da kanta. Umma ta leƙo ta ƙarƙashin hammatarsa. Farantin yana nan, ja wur, ƙura tana sauka a kansa. Motar ta sake duka. Mu ukun muka ga jelin ya girgiza gaba ɗaya, daga wannan gefe zuwa wancan, bai yi igiya ba, bai zuba ba.

"Ya kama," in ji Umma. "Me kuke jira? Ke, ɗauko farantin, kada ki sa yatsa a ciki."

Yaya ya durƙusa, ta hau bayansa, ya tallafe ta da hannu ɗaya, ɗayan yana lilo. Na bi su da faranti a ka, jini yana bin haɓata. Da muka fito lungu direban ya hango mu, ya kashe injin, ya leƙo yana ta salati da ɗaga hannuwa. Muka wuce shi. Kafin mu kai inda motar kayan take, bangon madafin ya kwanta a kan firij ɗin. Wani maƙwabci da muka tarar a bakin titi ne ya tuƙa mu.

A Madain Fahd Umma ta yaye saman jelin da bayan wuƙa, ta zubar da ƙurar, ta yanka shi murabba'i murabba'i da hannun hagu, don na dama ya kumbura. Yara bakwai suka kewaye farantin a kan tabarma. Yaya yana jingine a bango, an ɗaure masa hannu da mayafin matarsa kafin a tafi asibiti. Ni ina danne da ƙanƙara a leɓe.

Maigidan ya tauna, ya tsaya, ya zaro wani abu daga bakinsa, ya nuna wa kakarsa.

"Sitti, akwai yashi a ciki."

"Ba yashi ba ne, bangon gidanmu ne. Tofar ka ci gaba."

Ta ɗauki yanka ɗaya a cokali, ta ja jiki har inda Yaya yake, ta kai masa baki ba tare da ta kalle shi ba. Ya buɗe ya karɓa. Ni ba ta ba ni ba, ta ce sanyin zai taɓa mini haƙori.